Tallafin Gwamnati: Wa Yake Samu, Wa Ake Tsallakewa?

Ina gaida mutanen Madani da kewaye. Ina gaida na Barakat da Hasahisa da Managil. Ina gaida na Sinnar da Sinja da Maiwurno, har can Damazin da Rusairis. Gaisuwa ta musamman ga mazauna kanabi, wato zangon leburorin gona, masu kwana a bakin tur'a, magudanar ban ruwa, su tashi a bakin tur'a. Da wanda ya koma gida, da wanda har yanzu yake zaman gudun hijira, Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya.

Yau zancen tallafi za mu yi. Tallafin da hukuma take ba talaka. Daga ina yake fitowa? Ta wace ƙofa yake shigowa? Me ya sa yakan shiga gidan wani ya tsallake gidan maƙwabcinsa, alhali su biyun da yunwa suka kwana?

Za mu bi ƙofofin ɗaya bayan ɗaya. Zakka. Katin asibiti. Kuɗin hannu. Rance. A tsakiya kuma zan tsaya a kan abin da ya haɗa su duka, wato takarda. Inna, ki ɗan rage wutar murhu. Baba, matso da rediyon kusa.

(Kiɗa)

Kafin mu shiga ƙofa ta farko, akwai wata kunya da nake so mu ajiye.

Da yawa daga cikinmu, in aka ce a je a rubuta suna don tallafi, sai mutum ya ce, "Ni? Allah Ya sawwaƙe. Ban iya bara ba." Wannan halin mutunci ne, kuma na san inda muka gado shi. Amma ku saurara. Tallafin hukuma ba bara ba ne. Zan sake faɗa. Tallafin hukuma ba bara ba ne. Kuɗin da ke baitulmali daga aljihun jama'a suka fito. Ranar da ka sayi sukari, ka biya haraji. Ranar da kika kafa teburin shayi a kasuwa aka yanka miki rasit, kin biya. Ranar da aka auna dawarka aka cire zakka, ka biya.

Tarihin wannan ƙasa ta Jazira ma shaida ne. A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe aikin noman Jazira. Daga baya aka ƙara da ɓangaren Managil, filin ya kai fadan miliyan 2 da ɗoriya. Shekaru da dama audugar nan ce take riƙe da baitulmalin Sudan. To, wa ya tsince ta? Wa ya yi shema, wa ya tuge itacen auduga bayan kaka, wa ya yashe laka daga magudanar Abu Ishirin? A cikin masu wannan aiki akwai kakanninmu, waɗanda suka taso daga Kano da Sakkwato da Katsina da Borno da niyyar Makka, suka yada zango a nan don neman guzuri. Wasu suka wuce. Wasu suka zauna, suka hayayyafa, mu ne jikokinsu.

A 1950, da aikin ya bar hannun kamfanin Turawa ya koma hannun Hukumar Jazira mai hedikwata a Barakat, an ware kashi 2 cikin 100 na ribar auduga don kyautata rayuwar jama'a. Da kuɗin aka haƙa rijiyoyi, aka buɗe ajin yaƙi da jahilci. Abu ne mai kyau. Sai dai akasarin alherin a ƙauyukan masu hawasha ya tsaya, wato masu riƙe da gona da sunansu a littafi. Leburan da ke zaune a kambo, wato ɗaya daga cikin kanabi, bai cika gani ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

To, ƙofa ta farko: zakka.

A ƙasashe da yawa mutum shi yake fitar da zakkarsa ya ba wanda ya ga dama. A Sudan hukuma ce take karɓa. An fara da asusun ganin dama a 1980. A 1984 ta zama dole. A 1986 aka kafa Diwanin Zakka, sannan dokar 2001 ta tsara aikinsa. Diwani yana da ofis a kowace jiha, yana da na ƙananan hukumomi, yana kuma da kwamitoci a unguwanni da ƙauyuka.

Manomi ya san lissafin. In amfanin gona ya kai nisabi, wato kilo 653, zakka ta hau. In buhunka mai kilo 90 ne, buhu 7 ke nan da ɗan ƙari. Abin da ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin 10. Abin da aka sha wahalar ban ruwa, ɗaya cikin 20. Wannan ɓangaren karɓa ke nan, kuma kowa ya san shi, don mai karɓa ba ya ɓata hanya. Ɓangaren rabawa ne mutanenmu ba su cika sani ba.

Shari'a ta ambaci kashi 8 na masu cin zakka. Huɗu daga ciki sun shafe mu ƙwarai a wannan zamani. Akwai faƙirai da miskinai. Akwai waɗanda bashi ya yi wa katutu. Akwai matafiyin da guzuri ya yanke masa. Ku duba gidajenmu bayan wannan yaƙi da ya ɓarke a 2023, ku gaya mini gida nawa ne ba su shiga ɗaya daga cikin huɗun nan ba.

Diwani yakan ba da hatsi, musamman da azumi. Yakan ɗauki nauyin marayu. Yakan biya kuɗin magani. Yakan ba da abin sana'a: keken ɗinki, amalanken jaki, 'yan awaki. Yakan biya wa wasu fursunonin bashi su fito. Amma Diwani ba ya bin gida gida da kansa. Jerin sunaye yake aiki da shi. Jerin kuwa daga kwamitin unguwa yake tasowa. Saboda haka tambayata gare ku ita ce: wa ke cikin kwamitin zakka na unguwarku? Kun san shi? Yana jin Hausa? Ya taɓa shiga lungun da tsohuwar nan take, wadda 'ya'yanta suka watse, take sayar da gyaɗa a ƙofar gida?

Ana ƙorafi a kan Diwani, ban ɓoye muku ba. Ana cewa hidimar ofis tana cin kaso mai yawa. Ana cewa sanayya tana shiga. Ra'ayina shi ne, ƙorafi daga nesa ba ya sa suna a takarda. In za a zaɓi kwamiti, ku je. Ku sa mutum mai amana. Ku sa mace a ciki, don mace ce ta san gidan da aka yi kwana biyu ba a ɗora tukunya ba.

Ƙofa ta biyu: katin asibiti, wanda muke kira ta'amin sihhi, wato inshorar lafiya.

Wannan tsari a nan kusa da mu aka fara shi, a jihar Sinnar, a 1995. Ma'anarsa mai sauƙi ce. Kowa ya zuba kaɗan a asusu ɗaya tun yana da lafiya, in ciwo ya zo asusu ya ɗauki nauyi. Mai kati yana ganin likita, a yi masa gwaji, in aka rubuta magani ya biya rubu'in kuɗin kawai. Maganin jine 4,000, ka ba da 1,000. Ma'aikacin gwamnati daga albashinsa ake cirewa. Talakan da ba shi da hali kuwa, Diwanin Zakka da Ma'aikatar Kuɗi sukan biya masa.

Me ya sa na damu da wannan kati? Domin a yankinmu ba abin da yake kayar da gida da sauri kamar ciwo. Zazzaɓin sauro yana nan. Tsargiya tana nan, ciwon nan da yaro yake fitsarin jini saboda wanka a tur'a. Ga haihuwa mai gardama da tsakar dare. Mutum yana da akuya uku da buhu biyar, yana ganin ya tsallake shekara. Dare ɗaya a asibiti, akuya ta tafi, buhu ya tafi, bashi ya hau. Yaƙi ya lalata asibitoci da yawa, kuma ko da kati a hannu wani lokaci sai a ce maganin babu. Duk da haka, gara a ce babu magani yau da a ce babu sunanka sam. In katinka ya ƙare, ka sabunta. In an yi haihuwa, a ƙara sunan jariri.

(Kiɗa)

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, zancen tallafin gwamnati muke yi. Mun wuce zakka, mun wuce katin asibiti. Yanzu ga ƙofa ta uku, kuma a nan zan ɗan daɗe: kuɗin hannu.

Shekara da shekaru, babban tallafin gwamnatin Sudan ba a hannu ake ba da shi ba. A cikin farashi yake. Gwamnati ta sayi alkama da fetur da tsada, ta sayar da araha, ta cike giɓin daga baitulmali. Lokacin da man fetur yake kawo dala, abin yana tafiya. A Yulin 2011 Kudu ta ɓalle, ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man. Tun kafin nan ma, binciken gidaje na 2009 ya nuna kashi 46.5 cikin 100 na mutanen arewacin Sudan suna cikin talauci. Kusan rabi ke nan. Aljihu ya yi rami, farashi ya fara hawa. Kun tuna Disambar 2018, da burodin jine 1 ya koma jine 3 a wasu garuruwa. 'Yan makarantar Maiwurno suna cikin waɗanda suka fara fita titi, tun ranar 6 ga wata, kafin Damazin, kafin Atbara.

Yanzu ku yi tunani tare da ni. Rangwamen fetur, wa ya fi cin moriyarsa? Mai mota biyu a Hartum, ko mai jaki a kambo? Rangwamen burodi, wa ya fi ci? Mai gidan burodi a bakin layinsa, ko wadda kullum dawa take niƙawa ta yi kisra da asida? Amsa a fili take. Shi ya sa masana tattalin arziki suka ce a cire rangwamen, a ɗauki kuɗin a danƙa wa talaka a hannunsa. A takarda, hujjar tana da ƙarfi.

Haka aka haifi shirin Samarat, shirin tallafa wa iyalai. Gwamnatin riƙon ƙwarya ta Abdallah Hamdok ta ƙaddamar da shi a Fabrairun 2021, da kuɗin Bankin Duniya da na ƙasashe masu ba da agaji. Alkawarin shi ne kowane mutum a gida zai samu daidai da dala 5 a wata. Gida mai mutum 6, dala 30. Burin kuwa babba ne: a kai ga kashi 80 cikin 100 na 'yan ƙasa. An fara da jihohi 4: Hartum, Bahar Maliya, Kasala da Darfur ta Kudu. Daga baya aka faɗaɗa zuwa sauran.

To, me ya faru?

A watan da aka ƙaddamar da shirin, a watan aka karya darajar kuɗi. Dala ta tashi daga jine 55 ta koma jine 375 a farashin hukuma. A Yuni aka cire rangwamen fetur da gas ɗin mota gaba ɗaya. A Yuli hauhawar farashi ta haura kashi 400 cikin 100. Wato abin da ka saya jine 100 bara, bana sai ka ba da 500 ko fiye. Dala 5 ɗin nan, lokacin da aka fara, wajen jine 1,900 ce. Kafin ta iso hannu, kasuwa ta riga ta lashe rabinta.

Cire rangwame da sa hannu ɗaya ake yi, gobe da safe kowa ya ji a jikinsa. Raba kuɗi ga miliyoyin gidaje kuwa sai an yi rajista, sai an tantance, sai an sami hanyar turawa. Tsadar ta zo a guje, tallafin yana tafe yana ɗingishi. Wasu sun karɓa sau ɗaya ko sau biyu. Wasu sun yi layi sun rubuta suna, ba su taɓa ganin ko sisi ba. Sai ga juyin mulkin 25 ga Oktoba 2021. Bankin Duniya ya dakatar da kuɗinsa, Samarat ya tsaya. Tallafin ya tafi, tsadar ta zauna.

Ba wai irin wannan shiri ba ya aiki ba ne. Yana aiki. Birazil ta fara nata a 2003, ya fitar da miliyoyi daga yunwa. Maƙwabciyarmu Habasha ta fara nata a 2005. Masar ta fara Takaful da Karama a 2015. Abin da ya raba su da namu shi ne ɗorewa. Uwa ta san ranar kaza kuɗi za su shigo, sai ta yi lissafi a kai, ta bar yaro a makaranta. Mu kuwa mun jingina shirin kacokan a kan kuɗin waje, kuma kowa ya san kwanciyar mai tabarmar aro.

Akwai darasi na biyu daga Samarat, shi ne ya kawo mu tsakiyar shirinmu na yau. Ranar rajista, abin da ake fara tambaya shi ne rakam watani, wato lambar ɗan ƙasa. Ba lamba, ba suna. Ba suna, ba kuɗi.

Mu tsaya a kan takarda.

Ku zo mu leƙa wani layin rajista. Rana ta take. Ga mace da goyo, ga yara uku riƙe da gefen tobinta. Mijinta yana can bakin kogi wajen su, ko ya tafi Gadarif yankan riɗi. Ta iso gaban tebur. Ma'aikaci ya ce, "Lambarki?" Ta ce a nan aka haife ta, a nan aka haifi ubanta. Ya ce ya yarda, amma na'ura lamba take so. "Takardar haihuwar yara fa?" A gida ungozoma ta karɓe su, ba a rubuta ba. Ta juya. Wadda ke bayanta, da ba ta kai ta buƙata ba, ta miƙa 'yar takarda a leda, minti biyu an gama.

Ba wanda ya zage ta. Ba wanda ya kore ta. Amma an tsallake ta.

Wannan matsala tana da tushe. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa shi ko kakanninsa suna zaune a Sudan tun ƙarshen 1897. Ku auna da tarihinmu. Babbar hijira ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Maiwurno ya jagoranci jama'a har bakin Shuɗin Nil. Ke nan dokar ta bar dubban gidaje a waje. Iyaye suka sha wahalar ofis, suka gaji, suka daina zuwa. 'Ya'ya suka tashi suka tarar ba a zuwa, su ma suka zauna.

Amma doka ta canza. Ku ji da kyau, doka ta canza. Dokar 1994 ta dawo da ma'aunin zuwa 1 ga Janairu 1956, ranar samun 'yancin kai. Tsarin mulkin 2005 kuma ya amince da haƙƙin wanda uwarsa 'yar Sudan ce, ba uba kaɗai ba. Tun 2011 ofishin Sijil Madani, wato ofishin rajistar jama'a, yake ba da lambar ɗan ƙasa. Akan nemi shaida daga dangin uba. Wanda ba shi da takardar haihuwa, akwai takardar tasnin, wato likitoci su ƙiyasta shekarunsa. Na san wani lokaci in an ji sunanmu ko harshenmu akan tsawaita bincike. Wannan ba daidai ba ne, kuma ya kamata hukuma ta hana. Amma in an ce ka dawo gobe, ka dawo gobe. Ka tafi da dattijon gidanku.

Wasu kuma suna da takarda, wuta ko gudu ya raba su da ita. Rikicin Shuɗin Nil na Yulin 2022, da na Wad al-Mahi a Oktoban 2022, sun tashi dubban mutanenmu da kayan jikinsu kawai. Sai yaƙin 15 ga Afrilu 2023. Madani ta karɓi mutanen Hartum, makarantu suka cika. A Disambar 2023 ita ma ta faɗa hannun dakarun RSF, masu masauki da baƙi suka gudu tare, har zuwa 11 ga Janairu 2025 da sojoji suka karɓe ta. In takardarka ta salwanta a cikin wannan, ka sani lambarka ba ta ƙone ba. Tana nan a rajistar hukuma. Lamba ɗaya ce, taka ce har abada. In ka samo ta, ka rubuta a wuri uku. Ka ɗauki hotonta a waya. Ka tura wa ɗan'uwa a wani gari.

Magidanta, kalma ɗaya gare ku. Sau da yawa maigida yana da lamba, don yana tafiye-tafiye. Matarsa ba ta da ita. 'Yan matansa ba su da ita. Alhali shirye-shiryen tallafi da yawa yanzu da sunan uwa ake rubutawa. In ka faɗi, ko tafiya ta riƙe ka, da me za ta tsaya a gaban tebur?

Sannan kalma ga hukuma. Ba mutum kaɗai ke rasa takarda ba, gari ma yana rasawa. Kanabin Jazira, wasunsu sun girmi 'yancin kan Sudan. An haifi kaka a ciki, an haifi jika a ciki. Amma a littafin hukuma da yawansu har yau zango ne na leburori, ba ƙauye ba. Wurin da ba a amince ƙauye ne ba, da wuya a ba shi famfo, da wuya a ba shi makaranta ko ɗakin shan magani. Shi ya sa yaron kambo yake shan ruwan tur'ar da jaki yake sha. Duk shirin yaƙi da talauci da za a yi a Jazira, in bai fara da ƙidaya kanabi da ba su matsuguni na doka ba, to ya bar mafi talauci a waje tun ranar farko.

(Kiɗa)

Ƙofa ta huɗu: rance. A nan ba zan daɗe ba.

Manomi ya san shel. Damina ta yi tsakiya, rumbu ya ƙare, ka je wurin ɗan kasuwa. Ya ba ka kuɗi yau, da kaka ya kwashi buhuna a farashin da ya yanka tun ranar da kake cikin matsi. Ka yi noma, wani ya ci riba. Don a rage wannan ne aka kafa bankunan talakawa. Bankin Ajiya na Sudan a nan Madani aka buɗe shi a 1974, shi ne daga baya ya zama Bankin Ajiya da Raya Al'umma. Daga 2007 Babban Bankin ƙasa ya umarci bankuna su ware kashi 12 cikin 100 na rancensu ga ƙananan masu sana'a.

Galibi ta hanyar murabaha ake bayarwa. Banki ya sayi abin da kake buƙata, injin ban ruwa ne ko firji, ya sayar maka da ribar da kuka amince, ka biya kaɗan kaɗan. Amma rance ba tallafi ba ne. Rance ba tallafi ba ne. In ka sa hannu a cek ya dawo ba kuɗi, ana iya tsare ka har sai ka biya. Kada ka ci rance don biki. Kada ka sayar da kayan murabaha a rabin kuɗi don ka riƙe tsaba. Mai agashe da ya san cinikinsa na dare, mai sayar da godogodo da ta san kwanonta nawa suke ƙarewa, su ne rance yake yi wa rana.

Kuma gaskiyar magana, a Jazira babban maganin talauci ruwa ne a tur'a a kan lokaci. In laka da ciyawa suka toshe hanya, mai hawasha ya yi asara, ɗan kambo ya rasa aikin yini, mai shayi ta rasa masu saye. Yashe tur'a ɗaya ya fi raba buhu ɗari.

Kafin mu rufe, dole in ambaci waɗanda suka riƙe jama'a lokacin da ofisoshi suka rufe. A Disambar 2023 an wawashe rumbun Hukumar Abinci ta Duniya a Madani, abinci sama da tan 2,500, wanda zai ciyar da mutum kusan miliyan ɗaya da rabi na wata guda. A irin wannan hali, takaya ce ta ciyar da mutane, wato girkin unguwa na kowa da kowa. Matasa sun kafa ɗakunan agajin gaggawa. 'Yan'uwa daga Saudiyya da sauran ƙasashe suna turo abin da ya samu ta manhajar Bankak. Mata suna zuba adashi. Gayya ce irin tamu, ba a tambayi kowa lamba ba, ba a tambayi kowa ƙabila ba. Allah Ya saka musu da alheri. Amma tukunyar unguwa ba za ta gina asibiti ba, ba za ta biya malamin makaranta ba. Wannan aikin hukuma ne, kuma haƙƙinmu ne mu tambaya.

Gargaɗi ɗaya. Duk inda aka ce tallafi, 'yan damfara suna kusa. Wani zai kira ka a waya ya ce sunanka ya fito, ka karanto masa lambar sirrin da ta shigo maka. Kada ka karanta. Kashe wayar. Wani zai zo unguwa da littafi ya ce a ba da kuɗin rajista. Tambaye shi daga wane ofis yake, ka je ofishin da ƙafarka. In an ce ka sa hannu ka karɓi buhu biyu, ka ƙirga buhu biyu kafin ka dangwala yatsa.

To jama'a, lokaci ya cim mana. Ga aikin da na bar muku a wannan mako. Yau da dare, bayan sallar isha, maigida da uwargida ku zauna ku ƙirga mutanen gidanku. Wa ke da lambar ɗan ƙasa, wa ba shi da ita? Wane yaro ne ba shi da takardar haihuwa? Katin asibitin wa ya ƙare? Ku rubuta sunayen. Limamai da masu unguwa, ku taimaka wa tsofaffi da zawarawa da marayu, ku raka su ofishin rajista mafi kusa, ku tsaya musu shaida.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu yi zancen tsargiya da ruwan sha a kanabi.